Farin Inabin Babana

Wata ranar Laraba ce cikin ɗari, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Muna fitowa daga aji na hangi kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya bakin hanyar Garhanga, babana yana saukowa daga saman kaya. Ya daɗe a Aljeriya wurin cin rani, yana aiki a garkar wani Balarabe. Na ruga na karɓi jakarsa ina sa ran alawa, amma abin da ya fi lallaɓawa wani jiƙaƙƙen tsumman buhu ne da ya rungume a ƙirji. Da ya kwance shi a tsakar gida sai ga 'yan sanduna kamar na hura wuta. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wanga icce shi ne tsarabarmu?" Ya yi dariya, ya ce farin inabi ne.

Garkarmu tana cikin fadama, ƙarƙashin tsaunin da ya kewaye ƙauyenmu. Can muke noman albasa da tumatir idan an gama girbin gero. Baba ya dasa sandunan kusa da rijiya, duk suka mutu sai ɗaya. Wannan ɗayar ya kafa mata rumfa, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ni kuma ya sa ni ban ruwa safe da marece. Ƙawayena na wasan gaɗa a dandali, ni ina can ina jan guga, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Sai da na kai aji uku kurangar inabin ta yi 'ya'ya, cikin bazara. Ƙanana ne, kore-kore, idan sun nuna su koma ruwan ɗorawa har kana hangen ƙwayar ciki. Ɗanyensu tsami ne mai kashe haƙori, nunannu kuwa zaƙi da ɗan ƙamshi kamar na furen bagaruwa. Baba ya kan ce, "Inabin ga bai faɗa da kowane abinci." Haka kuwa aka yi. Wata Buzuwa mai suna Gaisha, wadda ke kawo mana cuku, ta gutsiri cukunta ta haɗa da ƙwaya biyu, ta rufe ido tana taunawa a hankali. Mu yara da ƙuli-ƙuli muke cinsa. Inna ta yanka masu tsamin cikin kwaɗon zogale maimakon lemu. Kakata Gwamma, da ba ta da haƙori, matse su take cikin kunu, ta ce sun fi tsamiya ladabi.

Daminar da ta biyo baya ba ta yi kyau ba. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, dole maza suka watse neman abinci. Ranar da Baba zai koma arewa ya kai ni gindin inabin, ya dafa kaina ya ce, "Sa'a, ɗiyata, ga amana. Ki riƙe min ita har in komo."

Ina riƙe da ita har sanyi ya wuce, sannan rijiyar garka ta fara ja da baya. Guga ya kan fito da rabin ruwa, daga baya laka, daga baya babu komai. Babu namijin da zai shiga ya yashe ta, duk sun tafi. Sai na koma ɗauko ruwa daga rijiyar gari, inda mata ke wuni a layi, in raba tuluna biyu, rabi gida rabi garka. Ruwan da aka wanke kwanoni da wanda na yi alwala, duk tarawa nake a wata tsohuwar tasa. Ƙasa ta kan shanye shi kafin in miƙe tsaye. Ganye ya soma murɗewa, gara ta hau gindin, na kankare ta da tsinke, kashegari ta dawo.

Wata rana da hantsi Inna ta tare ni a ƙofa da tulu a kaina. Ƙanena Sani na goye a bayanta, zawo ya ramar da shi. Ba ta yi min faɗa ba. A hankali ta ce, "Aje ruwan ga, Sa'a. Icce da mutum ba ɗaya ba ne." Na aje. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban sami wanda zan yi fushi da shi ba. Duk da haka kullum sai na je garka hannu wofi, in zauna ƙarƙashin rumfar ina kallon ganyen na zuba.

Baba ya dawo da faɗuwar ruwan farko, ya rame, yana tari. Ko gida bai zauna ba ya nufi fadama, ina biye da shi. Ya karya reshe ɗaya, ya duba cikinsa, ya yar. Na fara bayani kuka ya ci ƙarfina. Ya ce, "Sani na da rai?" Na ce e. Ya ce, "To, kin riƙe amana." Tarin nan bai sake barinsa ya yi tafiya ba, inabi kuma bai sake shigowa ƙauyenmu ba.

Yanzu Sani ne ke noma garkar. An haƙa rijiya mai zurfi, injin hasken rana na turo ruwa tun safe har ya malala cikin albasa, yaransa na wasa a ciki. Duk sa'ad da na je gida na kan tsaya in daɗe ina kallo. Baba ya rasu bai ga wannan ruwa ba. Ruwan ya zo, amma ya makara.