Makiyayi a Bakin Tekun Ikko

Ƙarshen kakar da aka sami mulkin kai na rako gyaɗa Ikko, na zaga Apapa kallon jiragen yaƙi. Ga wani dogo cikin fararen kayan sojan ruwa, tsaye da ƙafa ɗaya, ya gicciya sandar tsintsiya a bayan wuya, yana duban jiragen kamar garke. Wannan tsayuwar ai shanu ke koya wa mutum ita. To, ina nasa suka tafi?

Na ce, "Sannu da aiki, Malam."

Ya sauke ƙafa. "Daga ina?"

"Rano."

Ya daɗe yana kallona. Ga ruwa gabansa iya ganin ido, amma ya ce, "Bana an sami ruwa a Kibiya?"