Yadda Na Mayar da Fuseina Layin Amshi

Akwai wata Laraba da har gobe ba ta bar raina ba, kuma tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, ita zan ba ku. Lokacin ni ne babban mai kula da sauti a wani situdiyo da ke Dungu, a garin Tamale. A ƙarƙashina akwai ma'aikata biyu, a samana akwai Alhaji mai wurin, wanda iyakar saninsa da sauti shi ne ya ji ƙarar fanka idan an manta ba a kashe ba. Kowa Cif yake ce mini, ni kuma sunan ya hau mini kai.

'Yan mata uku ne daga unguwar Zogbeli: Fuseina, Rahi da Azara. Fuseina ce ta haɗa su. Mahaifinta direban babbar mota ne, yakan dawo daga kudu da tsofaffin kaset na waƙoƙin baƙaƙen Amurka, irin waɗanda mata uku ke jeruwa cikin riga iri ɗaya, ɗaya tana bayarwa biyu suna amshi. Da su ta girma. Ta ɗauki salon ta zuba masa Dagbanci da Hausa, ta koya wa ƙawayenta amshi, har takun ƙafa da juyin hannu ita ta tsara. Sun yi shekaru suna zaga gidajen biki daga Zogbeli har Kukuo. Idan Fuseina ta buɗe baki, ko lasifika ta mutu ba wanda zai lura.

A wani biki ne Mista Ofori ya ji su. Mutumin Kumasi ne, sana'arsa nemo mawaƙa ya kai su gidajen rediyo da talabijin na kudu. Ya ce zai gwada su da waƙa ɗaya, in ta karɓu ya tafi da su Accra. Ya kama mana situdiyo daga hantsi zuwa la'asar.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda muke yi. Ana fara ɗaukar kiɗa, sannan muryar mai bayarwa, sannan 'yan amshi. Mai kula da sauti yana bayan gilashi yana kallon mita: kore lafiya, ja kuwa murya ta fi ƙarfin makirufo. Sai wata ƙa'ida da ni na kafa ta a wurin, ina kuma alfahari da ita. Ba ma cewa waƙa ta yi sai mun kashe manyan lasifiku mun saurare ta a ƙaramar waya mai araha, domin da ita mai tuƙa keke da mai koko a bakin kasuwa za su ji ta. Waƙar da ba ta ci wannan jarrabawa ba, ba ta fita daga hannuna.

Tun wajen ɗaukar kiɗa abin ya fara. Ina cikin yi wa Mista Ofori bayanin kayan aikina, sai Fuseina ta ɗaga hannu daga can ciki.

"Cif, yi haƙuri, gita ya yi yawa. Zai rufe Azara."

Gaskiya ta faɗa, kuma da ladabi ta faɗa. Amma a gaban baƙo ne, mutumin kudu, ga ma'aikatana suna sunkuyar da kai suna murmushi. Na rage gitar. Haushi kuwa ya kama ni, yarinyar da na girmi babban wanta tana koya mini ji.

Da aka zo ɗaukar murya, Fuseina ta shiga ta rera. Wallahi ban taɓa ɗaukar murya irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Mita ta yi ja ta zauna a ja. Da muka sa a ƙaramar waya, duk inda ta ɗaga sai muryar ta fashe tana tartsatsi kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Mista Ofori ya ɓata fuska. Ya sa Rahi ta gwada baiti ɗaya. Muryar Rahi siririya ce, mai daɗi, ba ta da nauyi, ta ratsa wayar sumul.

Sai ya juyo gare ni, su ukun suna tsaye a bakin ƙofa.

"Cif, kai ne masani. Wannan babban murya, inji zai iya ɗauka?"

Ku da kuke aikin kun san amsar. A ja ta baya taku ɗaya, a sauya makirufo, a sa na'urar da ke danne kaifin murya, a sake ɗauka. Aikin rabin awa ne, kuma rabin awar tana nan, la'asar ba ta yi ba. Na dubi Fuseina, na tuna gita.

Na ce, "Muryar biki ce. Inji ba ya ɗaukar irinta."

Ba ta yi gardama ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ta dubi mitar ta cikin gilashi, ta dube ni, ta ce, "To, Cif." Mista Ofori ya ce Rahi ta dawo gaba. Fuseina da kanta ta tsaya tana koya mata inda za ta ja numfashi a waƙar da ita ta rubuta, sannan ta koma kusa da Azara. Ni na nuna mata inda za ta tsaya, can nesa da makirufo.

A raina na ce waƙa ɗaya ce, gobe a gyara. Sai waƙar ta tashi. Kafin wata biyu ba inda za ka bi a Tamale ba ka ji ta ba, shagon aski, tasha, gidan suna. Kudu ma ta karɓa, mutanen da ba su jin Dagbanci ko kalma ɗaya suna amshi. Aka kai su Accra, aka ɗinka musu riguna masu walƙiya, aka sa su a talabijin. Mista Ofori ya rage ganguna, ya ƙara Turanci a baitoci. Waƙa ta biyu Rahi ce a gaba, ta uku ma haka, don ba wanda ke taɓa abin da ya karɓu. Da faifansu ya fito, sunan Rahi ne da manyan baƙaƙe a sama. Bayan shekara biyu na ga hotonsu, mata uku dai, amma ta hagun wata ce daban, ba Fuseina ba. Alhaji ya manna hoton a ofis yana nuna wa baƙi, yana cewa a nan aka haife su, kuma kunnen Cif ne ya gano tauraruwar. Ni kuma ina karɓar yabon.

Na daɗe ban sake ganin Fuseina ba, kuma ban neme ta ba. Sai bara, a wani suna a Zogbeli, da safe. Tana cikin matan da ke rabon abinci, ta yi jiki, da goyo a baya. Lasifika na ta kwarara waƙar nan ta farko. Wata dattijuwa ta kama hannunta.

"Fuseina, ba waƙanki ba ne wannan? Karɓi makirufo ki tuna mana da."

Ta yi dariya ta ce, "Mma, na bari tuntuni. Ga Cif nan ma, ki tambaye shi, shi ya auna. Muryana ba ya shiga inji kwata-kwata."

Babu gori a maganarta ko kaɗan. Shaida ta kafa da ni, kamar yadda mutum zai ce likita ya hana shi gishiri. Ta zo ta rusuna ta gaishe ni, ta ajiye mini shinkafa da nama biyu. Na kasa kai loma. Da aka fara watsewa na kira ta gefe, bayan rumfa, na faɗa mata duka: gitar, haushin, da abin da ya kamata in yi ban yi ba.

Ta gyara ɗaurin goyonta.

"Rabin awa, Cif?"

Na ce rabin awa.

"Wani mutum ya zo daga Accra bayan an cire ni, ya ce zai ɗauke ni ni kaɗai. Na ce masa kar ya ɓata lokacinsa, an riga an auna." Ta ɗauki kwanon da ban taɓa ba. "Da ka bar ni ban sani ba, Cif. Da ina cewa Allah ne bai ba ni ba, kuma na haƙura."

Na roƙe ta ta zo situdiyo ko sau ɗaya. Ta ce yara na jiranta, ta tafi. Ba ta zo ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mawaƙi yana gardama da manaja, yana gardama da ɗan'uwansa mawaƙi, amma ba ya gardama da mutumin bayan gilashi, domin a ganinsa ba mu ke magana ba, na'ura ce, ita kuwa na'ura ba ta da haushin kowa. Mu ne muke da shi. Duk ranar da kuka ji bakinku zai ce wa wani inji ya ƙi, ku tsaya ku tabbata injin ne. Ni na faɗa sau ɗaya, an yarda da ni, kuma garin nan bai sake jin Fuseina ta ba da waƙa ba.