Tagar Dobrivoye

Shekara huɗu ke nan Stamena tana ɗaga mijinta sau shida a rana. Tun da ɓarin jikin Dobrivoye ya shanye, ita ce ƙafarsa: daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, a sake komowa. Kafin nan ta yi shekara talatin a sunkuye cikin gonar tattasai a wajen garin Leskovac, saboda haka dama da gajiyayyen ƙugu ta shigo wannan aiki. 'Yarsu Lyubinka, mai aiki a birnin Graz can ƙasar waje, ta riga ta yanke hukunci ta waya: ranar da bayan uwar ya gaza, uban sai gidan tsofaffi.

A ƙauyensu kuwa babu ciwon da ba a ɗora wa promaya, iskar nan da ke ratsa ɗaki idan an bar taga da ƙofa a buɗe. Stamena ta yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ko ana zafi kamar a gasa mutum, tagoginta a rufe suke ruf.

Babu inda ba ta kai ciwon bayan nan nata ba. Likita ya ba ta ƙwayoyi, suka ci mata ciki. Masu gashin ƙashi suka yi mata kwana goma, suka haɗa ta da takardar motsa jiki, ta manna a jikin firij, can ta tsufa. Maƙwabciya ta ɗaura mata ganyen kabeji da barasa. Kowa dai maganarsa ɗaya, ta daina ɗaukar nauyi. Sai ta gyaɗa kai kawai, don ta gaji da bayani.

Daga ƙarshe ta hau bas zuwa birnin Nish wurin mai gyaran baya da hannu, wanda ta laƙaba wa suna Mai Ƙas-ƙas.

"Inna, saki jikinki," in ji shi.

"Ɗan nan, rabona da sakin jiki tun ba a haife ka ba."

Ya murɗa ta, bayanta ya ce ƙas. Ya kuma gaya mata gaskiya: sauƙin 'yan kwanaki ne, bai fi na masu gashin ƙashi ba, muddin tana ɗaga mutum. Ta ji haushinsa, amma ta koma.

Bayan zuwa na uku sai ta ji ɗagawar ta fara sauƙi. Ta shiga yabon Mai Ƙas-ƙas har a bakin coci. Abu ɗaya ne ya dame ta: kullum bayan abincin rana sai ta tarar da tagar gefen gadon Dobrivoye a buɗe.

"Kai tsoho, kashe ni za ka yi? Ina zuwa har Nish ana gyara ni, kai kana kwaso mini promaya!"

"Zafi nake ji, 'yar tsohuwa."

"A watan Nuwamba, ana wannan sanyi? To Allah ya shirye ka."

Ran nan ta ajiye masa kwanon wake, ta zagaya bayan gida ɗebo itace. Sai ga karensu zaune ƙarƙashin tagar, ya yi ɓul-ɓul da shi. Tagar ta buɗe a hankali. Hannun Dobrivoye mai lafiya ya leƙo, ya juye kwanon.

Ta shiga ɗakin. Yau ne ta kalli mijin da kyau: wuyan rigarsa ya yi masa yawa, zoben aurensu yana yawo a yatsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da Lyubinka ta bugo waya." Ya kawar da kai. "Ba ke kika ce yaron nan Mai Ƙas-ƙas ya iya aiki ba?"

Ta rufe tagar, ta zubo wani waken, ta zauna a bakin gado da ƙyar, ƙugun yana sara.

"Buɗe baki."

"Stamena, zan yi miki nauyi."

"Na sani. Buɗe."