Takarduna a Ƙarƙashin Katifa

Ranar da aka kafe sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka, sau uku na karanta nawa. An rubuta sunan kakana ba daidai ba, amma dai ni ne. Abokin ɗakina, wani ɗan Damagaram da muka shekara biyu muna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Nasa babu. Ya rungume ni a gaban jama'a ya ce, "Mabruk, na taya ka murna, ɗan'uwa." Ni kuwa ji na yi kamar wanda aka kama da kayan sata.

An ba mu mako biyu mu kai takardunmu, wanda bai kai ba gurbinsa ya tashi. A wuni ɗaya na haɗa komai: hotuna, takardar asibiti, kwafin fasfo. Na zuba su a wani fayil shuɗi, na tura ƙarƙashin katifa, na hau na zauna. Dalilina kuwa wata 'yar ƙwaya ce fara da nake sha kullum da safe.

Tun ina ƙarami kaina ba ya zama wuri ɗaya. Malami zai fara bayani, ni ina can ina ƙirga hujojin kwanon rufin aji. Kowa ya yarda ni ba daƙiƙi ba ne, shi ya sa ma abin ya fi ba mutane haushi. Da ƙyar na gama sakandare, kawuna ya nema mini hanyar zuwa Alƙahira a 2012, ko canjin wuri zai sa in natsu. Ban natsu ba. A makarantar da muke koyon Larabci kafin jarrabawar shiga jami'a, wani malaminmu Bamisire ya lura ina amsa tambayoyi mafi wuya, sannan in bar bayan takarda fari fat don na manta in juya. Bai yi mini faɗa ba. Ya rubuta mini kwatancen wani likita a Wustul Balad, can tsakiyar birni, ya ce in je ko don in faranta masa rai.

Na hau jirgin ƙasa na metro na je. Likitan ya shafe awa guda yana tambayata, har abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kamar yadda nake ɓatar da takalmi a masallaci ba don an sace ba, sai don na manta ƙofar da na shiga. Ya ce ciwo ne sananne, na rashin iya tsayar da hankali, kuma yana da magani. Ranar da na fara sha, na buɗe littafin nahawu na karanta shafi huɗu a jere. Ji na yi kamar maƙwabci ya kashe janareta bayan na shekara ashirin ina jin ƙararsa. Na yi murna har na yi ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Amma a garinmu in aka ce wane yana shan ƙwaya, an gama da shi, ko aure ba za a ba shi ba. Don haka na cusa kwalin a cikin safa, ban faɗa wa ɗaliban da muke zaune gida ɗaya ba, ban faɗa wa iyayena ba. Da sakamako ya fito sai lissafin ya tsaya mini a wuya. Abokin ɗakina daga sallar asuba yake zama da littafi har azahar, da ƙarfinsa kawai, rubutunsa kamar na inji. Ni na shiga ɗakin jarrabawa da ɗan taimako a ciki. A ganina gurbin nasa ne, ni tsallake layi na yi.

Mu shida ne a gidan. Babbanmu wani Basakkwace ne da ke digiri na biyu a fiƙihu, muna ce masa Malam. A kwana na biyar, muna kewaye da tiren shinkafa da wake da rana, na gyara murya.

"Malam, wani ne ya ce in tambaya masa. Yana shan maganin da likita ya ba shi don hankalinsa ya tsaya, ya yi jarrabawa ya ci. Shin maguɗi ne?"

Malam bai ko ɗago ba. "Wannan wanin, shi ne mai ajiye kwali a cikin safa?"

Aka fashe da dariya, har wani ya ƙware. Ashe wata takwas kowa ya sani, tun ranar da aka kwaso mini shanya daga baranda, aka je ajiye mini ita aka ci karo da safar. Raina ya ɓaci, na ce to tunda sun sani sai su ba ni amsa. Kuskurena ke nan. Ka ba ɗaliban fiƙihu mas'ala a bakin tire, ka hana kanka cin abinci. Wannan ya ce a kwatanta da shayi, wancan ya ce shayi kowa yana iya saye, illar ba ɗaya ba ce. Wani ya tuna mana shi kullum sai ya ci zabibi ashirin da ɗaya don hadda, wani yana jiƙa ƙaron luban ya sha da safe, kuma ba wanda ya taɓa jin ya cuci kowa. Daga ƙarshe Malam ya suɗe hannu ya ce, "Likita ya rubuta, ba ka saci amsa ba, maganin bai san Larabci ba. Halal ne. Khalas, magana ta ƙare, yalla, a miƙo yaji."

Na gode masa, amma fayil bai motsa ba. Ni ba halal da haram nake tambaya ba, ban dai san sunan abin da nake tambaya ba ne.

Kwana biyu bayan haka na tare abokin ɗakina yana goge riga. Na ce masa ina tunanin ba zan kai takardun ba, in bari sai baɗi mu sake tare, ni kuma ba tare da magani ba. Ina jiran ya ji daɗi. Sai ya dangwarar da dutsen guga.

"Kai, kar ka raina mini hankali. In ka ƙi zuwa ni za a ba? Darasin balaga ne ya kayar da ni, na san shafukan da ban iya ba. Faɗuwata tawa ce, kar ka ɗauke ta ka yi ado da ita."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na ji kunya, na kuma ji haushinsa, don na zo da kyauta ne an kore ni da ita. Da la'asar ya miƙo mini littafin balaga ya ce in yi masa tambayoyi tunda ni na ci. Na yi masa, muka sha shayi, aka wuce wurin.

Duk da haka sai da aka kai kwana na sha biyu. Na yanke shawara zan faɗa wa Baba gaskiya, abin da ya ce shi ke nan. Mahaifina mai gyaran rediyo ne a kasuwa, mutum ne mai zafi, kuma ya riga ya gama shelanta wa layinsu cewa ɗansa ya shiga jami'a a Masar. Bayan sallar Juma'a na tsaya a gindin wata bishiya kusa da masallaci na kira shi. Muka gaisa, na tambayi Inna da kasuwa, sannan na faɗi komai a guje kafin ƙarfin halina ya ƙare: likita, ƙwaya, safa, fayil.

Na yi tsammanin tsawa. Sai ya ce, "Dakata. Me likitan ya tambaye ka?"

Na fara lissafa masa. Fara aiki ba a gamawa. Karanta layi ɗaya sau biyar. A aike ka abu uku ka dawo da ɗaya. Ana yi maka magana kana kallon baki amma ba ka wurin.

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yanzu haka rediyo tara ne a buɗe a gabana," in ji shi. "Babu wadda na rufe." Sannan ya ce, "Ka san ban sauke Alƙur'ani ba?"

Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mana.

"Izu goma sha takwas na tsaya. Sa'o'ina duk suka sauke, aka yanka musu rago, ni aka ce ba ni da zuciya. Shekara arba'in ke nan ni ma haka na ɗauka. Shi ya sa da na ga abin a jikinka na riƙa dukanka, ina tsoron ka zama ni." Muryarsa ta canza. "Ashe ciwo nake duka. Ka yafe mini."

Na jingina da bishiyar. Na ce, "Baba, ba ka yi mini komai ba," ya ce in bar wannan maganar, ya san abin da ya yi.

"Yaushe za a rufe karɓar takardun?"

"Ranar Lahadi, Baba."

"To ka sha maganinka da safe ka je ka kai. Wanda ya tsaya a hanya, ɗaya ya isa a gidan nan." Har zan yi sallama ya ƙara da cewa, a hankali, kamar mai gudun maƙwabcin rumfa ya ji, "In ka koma wurin likitan, ka tambaya mini ko ana ba tsofaffi."

Ranar Lahadi ni ne na uku a layi.