Baba Testa da Fitilu Masu Mantuwa

Shekara talatin da bakwai Baba Testa ya yi yana ja wa mutane wayar wuta a gidaje, kuma abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne: ba a taɓa kiran wani ya duba aikin da ya gama ba. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Tsohuwar jakar fata gare shi, a ciki filaya biyu da baƙin tef da sukudireba, sai testar nan ta gwada wuta mai jan kai da ba ta barin aljihun rigarsa, wadda ta jawo masa sunan. Mutum ne mai raina abu. Ya raina soket mai arha, ya raina masu fere waya da haƙori, ya raina duk wanda zai bar ɗaki da fitila a kunne. 'Ya'yansa shida sun tashi a ƙarƙashin doguwar fitila ta da, irin mai ƙyafta ido kafin ta kama, kuma tun suna ɗage ƙafa su kai ga makunni ya koya musu dokarsa: in za ka fita, kashe, in ka kunna ta yi maka gardama, kashe ka kunna, kashe ka kunna, har sai ta bi.

A duk abin da ya raina, babu kamar mijin autarsa. Manaja ake ce masa, ko da yake mutum uku ne a ƙarƙashinsa, har da mai shara. Ba ya iya canja ƙwan fitila sai ya kalli bidiyo, amma in ya buɗe baki a kan fasaha sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lantarki. Babban abin nishaɗinsa shi ne ya tara abokai a falo ya ba su labarin ƙauyancin matarsa: yadda ta ji tsoron injin wanki, yadda ta gaida na'urar da ke magana. Su yi ta dariya, Auta tana zuba musu ruwa tana murmushin dole. Baba Testa ya taɓa gani sau ɗaya, kuma ya kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba.

Wannan Manajan ne ya sayo fitilun silin guda takwas, waɗanda ake kunnawa da wayar hannu, su yi ja su yi shuɗi kamar shagon aski. Ya haɗa da makunni na gilashi, wanda ba a danna shi sai dai a shafa, shi ma yana jin umarni daga wayar. Auta ce ta roƙa a ba mahaifinta aikin. Manaja ya yarda da ƙyar, ya miƙa masa takardar bayanin da ta zo a kwali.

"Baba, ka dai karanta wannan tukuna. Ba irin kayan da kuka saba ba ne."

Baba Testa ya yi wa takardar kallon hadarin kaji, ya naɗe ƙusoshi a cikinta ya jefa a jaka. Ya haɗa makunnin yadda ya haɗa dubbai kafinsa, wuta ta shiga ta nan ta fita ta can zuwa silin. Aiki tsaf, ko tsinin waya ba ka gani.

Kwana biyu tsakani fitilun suka fara iskanci. Manaja zai zauna a ofis ya buɗe waya don ya nuna wa mutane yana iya kunna falonsa daga nan, sai ya tarar fitilun sun ɓace daga manhajar gaba ɗaya. Ya dawo gida ya same su suna ta ƙyafta ido, sun manta sunan da ya raɗa wa kowacce, sun manta intanet ɗin gidan. Ya ɓata awa guda yana sake saita su, jibi su sake mantawa. Sau huɗu aka yi haka, sannan ya kira surukinsa.

"Baba, ba raini ba, amma aikin nan akwai matsala. Ranar Litinin zan kira yaran kamfani su kwance su sake."

Ba raini ba! Baba Testa ya ajiye wayar. Yaran kamfani, masu hular roba da tsani mai sheƙi, su hau su kwance aikinsa, unguwa tana kallo.

Ranar Asabar da hantsi ya isa gidan, Manaja ya fita wanke mota. Ya buɗe makunnin, ya dafa testa, wuta lafiya lau. Ya hau tsani ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya, babu wayar da ta saki, babu wadda ta yi zafi. Ya sauko ya kashe, ya zauna a kujera yana tsaki, yana zagin wanda ya fara tunanin sa wa ƙwan fitila ƙwaƙwalwa.

Sai ga Auta ta shigo da tiren ruwa. Labule a sake yake, falon da ɗan duhu, ta kai gwiwar hannu ta shafi makunnin. Fitilun nan sukan yi jinkirin daƙiƙa biyu kafin su kama. Ba ta jira ba. Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna, sau biyar, ko kallon bangon ba ta yi, tana tambayarsa jikin Mama. Nan take duka takwas ɗin suka hau ƙyafta ido.

Nan Baba Testa ya tuna da takardar bayanin. Da ta koma kicin ya zazzage ƙusoshin, ya warware takardar nan da ta sha maiƙo, ya sa tabarau. Ga shi nan a rubuce, har da zane: fitilun ba sa son a yanke musu wuta ko kaɗan, kuma in aka kashe aka kunna sau biyar a jere, sun ɗauka an ce su goge duk abin da suka sani. Makunnin kuwa ba don ya yanke wuta aka yi shi a nan ba, saƙo kawai ya kamata ya aika musu.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ya sauke babban layin gidan, ya haɗe wayar silin kai tsaye da mai kawo wuta, ya bar makunnin ya zama ɗan aike. Yanzu ko sau ɗari aka shafa shi, fitilun ba za su rasa wuta ba, balle su yi mantuwa. Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya ji ƙarar mota, kuma ya san abin da ke gabansa. In ya ce ga abin da Auta take yi, ya wanke sunansa, domin shi yadda aka saba ya haɗa. Amma Manaja ya samu labarin shekara guda: matar da take faɗa da gilashi kamar tana gidan ubanta.

Manaja ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Baba, an gano?"

"An gano. Ni na haɗa ba daidai ba. Ban karanta takardar ba."

Kai, ka ga fuskar Manaja a lokacin! Haƙora talatin da biyu duk a waje. Ya saita fitilun a waya, ya ɗora su a kan makunnin yadda takardar ta ce, ya shafa, suka kama.

"Ai na faɗa, Baba. Zamani ya wuce testa. Amma dai yaran za su zo Litinin su duba, don hankalina ya kwanta."

"Su zo," in ji Baba Testa, yana zuge jakarsa.

Suka kuwa zo, su biyu da hulunansu, suka hau suka sauko ba su sami abin taɓawa ba. Wannan ɓangaren Manaja bai ba kowa labarinsa ba. Labarin kuskuren Baba kuwa, kafin wata ya ƙare ya kai kunnen duk mai gini a unguwar, har wani da Baba Testa ya ja wa wuta a gida uku ya kira wani daban a na huɗu.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar Asabar ɗin Auta ce ta raka shi bakin ƙofa, riƙe da jakarsa. Ta ga takardar a buɗe a kan tebur, ta kuma ga zanen yatsa da lamba biyar. Sai da suka kai inda ya jingine babur ɗinsa ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ni ce ko?"

Ya karɓi jakar ya rataya, bai dube ta ba.

"To wa ya koya miki?"