Tukunyar da ta zo daga Makka

Tukunyar ta shigo gidanmu bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonar ubana ta Maradun, amma tun ba a yanke Zamfara daga Sakkwato ba. Lokacin ina goyon ɗiyata ta huɗu, wadda yanzu ita ma ta aurar da ɗiya. Mai lissafin boko sai ya lissafa. Ni da haihuwa da damina nake ƙirga shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba.

Maigidana malami ne, yana karantar da magidanta a zaurenmu nan Talata Mafara. Shekarar da ya je hajji, matan sauran alhazai an kawo musu atamfa da zobe. Ni tukwane biyu ya ɗauko mini, babba da ƙarama, na tagulla, cikinsu an shafe shi da wani farin abu mai kama da azurfa. Ya ce, "Na san ki. In na kawo zane, a adaka zai ƙare." Ƙaramar na ba ƙanwata da ke aure a Kaya, na riƙe babbar.

Tun ranar na yanke cewa abin da ya fito ƙasa mai tsarki ba zai dafa tuwon yau da kullum ba. Na keɓe ta ga masu jego da yaran da anka yaye. A cikinta nake jiƙa tsamiya tun hantsi har la'asar, in tace, in dama kunu a cikinta. Ba malamin da ya ce mini in yi haka, ni na ga ya dace. Kafin shekara uku labari ya bazu. In mace ta haihu a unguwarmu, kafin a aika wa wanzami an aiko mini. Daga baya har Bakura da Faru anka riƙa zuwa aro, a naɗe ta a zane a ɗaura bayan babur, ta yi kwana arba'in a gidan jego ta dawo da goro a ciki. Mata da yawa ba su san sunan yankana ba, mai tukunyar Makka kawai suke cewa, ni kuma ina amsawa.

Wanke ta kuwa ba na bar wa kowa. Toka da yashi da lemun tsami nake sa mata, in durƙusa in goge har in ga fuskata. Da haka farin nan na ciki ya tafi sannu a hankali, jan ya fito. Na ɗauka dauɗa ce na ci ƙarfinta. Na sha nuna wa surukaina ina cewa su koyi wanke-wanke.

Abin da zan faɗa ya faru ne shekaru bayan dalma ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinari, gab da lokacin da anka rufe layin waya a jihar nan. Maigida ya riga ya rasu. Jikata da ke zaune da mijinta a sashen gidanmu ta haifi mace, anka sa mata sunana. Da anka yaye ta, ni na karɓe ta. Sauran yaran gida sukan sha kunun tukunyar in an yi haihuwa. Takwarata kuwa kullum take sha, safe da yamma, don ita ce tawa.

Ta shekara biyu da rabi ba ta haɗa magana. Ta yi fari fat, ba ta son abinci sai kunu, ciki yana murɗa mata, bayan gida sai da kuka. Munka ce haƙori ne, munka ce shawara ce. Na jiƙa sassaƙe na ba ta, shi ma a tukunyar na jiƙa.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ta fi shekara ashirin a garin nan. Sista muke ce mata. Da salla in aika mata tuwo, da Kirsimati ta aiko da shinkafa. Wata rana ta shigo karɓar rariya, ta tsaya tana kallon yarinyar, ta ja fatar idonta ƙasa.

"Mama, akwai mai zuwa haƙar zinari a gidan nan?"

"Gidan malamai ne, Sista. Mu tawada munka sani."

"Ana sa mata tozali?"

"Uwarta ta hana. Wai boko ya ce yana ɓata ido."

Ta ce a kai ta asibiti a ɗibi jini. Anka ɗiba, anka tura wani gari, munka yi makonni muna jira. Da takarda ta dawo, Sista ta zauna kan tabarmata ta ce dalma ce a jinin yarinyar, ba ta kai ta kisa ba, amma tana taɓa jini da ƙwaƙwalwa, kuma sai an gano ta inda take shiga.

Ta kawo wani ma'aikaci daga cikin waɗanda sunka yi aiki a ƙauyukan zinari. Yana da wata na'ura kamar babbar tocila, sai ya ɗora bakinta kan abu ya duba. Ya gwada ƙasar tsakar gida, ya gwada bango, ya gwada randa. Ya gwada tukunyar ƙasa da nake miya a ciki, da kwanonin silba na jikata, duk ya ce lafiya. Ya miƙe zai tafi, sai jikata ta ce, "Saura ta Inna." Na harare ta. Ta shiga ɗakina ta ɗauko.

Ya ɗora na'urar sau uku. Sannan ya ce, "Baba, me kike dafawa a nan?"

"Kunun tsamiya."

Ya ce an gauraya tagullar da dalma tun a maƙera, farin da ke ciki shi ne shamaki tsakaninta da abinci, kuma ba abin da ke jawo dalma waje irin tsami. Ya tambaya ina farin ya tafi. Duk gidan sun san wa ke wanke ta.

Na ce, "Ɗan nan, daga Makka ta zo."

Ya kifa ta ya nuna mini wani rubutu a gindinta. Ya ce, "A kasuwar Makka anka saye ta, Baba. Wata ƙasa daban anka ƙera ta."

Kwana uku ban yi wa kowa maganar ba. Jikata ta koma dama wa ɗiyarta kunu a tukunyar silba, tana ba ta maganin asibiti. Na lissafa cewa in na tura tukunyar ƙarƙashin gado na ce ta tsufa, magana ta mutu a cikin gida, in mutu da sunana yadda yake.

Rana ta huɗu anka aiko daga Kaya cewa surukar ƙanwata ta sauka, an sami ɗa namiji. Na san abin da ƙanwata za ta fara saukowa da shi daga kan jere. Jikata ta ce a buga mata waya. Na ce a'a. Ƙanwata ba ta jin magana ta waya, in ba ta so sai ta ce iska ta ɗauke. Kuma da hannuna na ba ta tukunyar, da ƙafata ya kamata in je.

Hanya ba lafiya a lokacin, ana tare mutane. Ɗana ya hana, na ce ya hana matarsa. Na shiga mota zuwa Maradun, daga nan ɗan babur ya kai ni Kaya kafin azahar. A hanya na shirya abin da zan ce: aro na zo, za a yi mana haihuwa, in ɗauke ta in dawo ba wanda ya ji komai.

Na tarar da tsakar gida cike da mata 'yan barka. Munka gaisa, munka sake gaisawa, an tambayi gajiya da hanya da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙaramar tukunyar nan gefen murhu, tsamiya ta jiƙu a ciki har ruwan ya yi duhu. Cikinta ja wur, irin wankina. Ni na koya wa ƙanwata.

"Yaya, ke da kanki? Ko kin zo duba ko muna kula da kayan Makka?"

"Aro na zo."

"Taki fa? Ko ɓarayi sun fi ki son albarka?"

Matan sunka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ai ita ma 'ya'yanta biyar a wagga tukunyar anka yi musu kunun yaye, kuma jikanta na nan tafe wata mai zuwa, ta riga ta kama layi. Sai na ga in na ɗauke ta da ƙarya, gobe za su aiko Mafara neman babbar, in sake wata ƙaryar.

Na ce, "Zubar da ruwan nan. Guba ce a cikin tukunyar, dalma. An gwada tawa, an gwada jinin takwarata. Ni na kawo muku ita, ni na ce ku goge ta da toka, ni na ce ku jiƙa tsamiya. Duk wadda ɗanta ke sha a kai shi a duba jininsa."

Ƙanwata ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Shekara nawa kina mana gori da tukunyar nan, Yaya?"

"Da yawa."

"To yau ke za ki dama kunun, a ta ƙasa. Mu ga ko hannun ne ko tukunyar."

Ta ɗauki ruwan tsamiyar ta kai bayan gida ta zubar. Na dama kunu a tukunyar ƙasa, mai jego ta sha ta ce gaskiyar magana, bai kai na da zaƙi ba. Daga baya Sista ta gaya mini dalmar ce ke sa wannan ɗan zaƙin da ake yabona da shi.

Da na dawo da ƙaramar tukunyar, masu sayen tsohon ƙarfe sunka yi ta zarya. Sista ta ce kada in sayar, narkewa za su yi su zuba wasu tukwanen. Na kai wa maƙeri ya huda gindin kowace sau biyar ina tsaye.

Sannan na bi gidajen da na tuna. Na unguwarmu da ƙafa, na Bakura a mota ranar kasuwa. Wasu sun ce ƙaddara ce, wasu sun ce sharrin 'yan asibiti ne, wata ta roƙe ni in ara mata ko da hudajjiyar ce ta taɓa. A Faru na sami wata mata da ta ari tukunyar sau shida. Tana da ɗa ya haura talatin, ba ya iya riƙe saƙo daga gida zuwa gona, bai yi aure ba. Ta saurare ni har na gama, tana tsince wake. Ta ce, "Shi ya fi son kununki. Tukunyar ce ta yi masa haka?"

Na ce ban sani ba. Na tambayi Sista daga baya, ita ma ta ce yanzu ba mai iya sani.

Cikin waɗanda sunka ga zuwan tukunyar, saura mu kaɗan. Matan alhazan duk sun tafi sai ɗaya, ita ma ba ta gane mutane. Sista ta yi ritaya ta koma garinsu, takan kira jikata ta tambayi karatun yarinyar, wadda ke aji uku yanzu, baki ya buɗe, hadda ce dai take ba ta wuya. Ƙanwata na nan Kaya, tana ba da labarin nan a gidajen suna yadda ta ga dama. Matar Faru ma tana raye. Mukan haɗu a gidan rasuwa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta koma can gefe ta zauna.