Yashin da Ke Cikin Acca

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, sai dai ba tatsuniya ba ce, abin da ya same ni ne.

A Gada Biyu, cikin Jos, aka haife ni. Mahaifinmu haƙar kuza ta kawo shi, kuza ta ƙare, shi bai koma garinsu ba. Inna kuwa acca take gyarawa ta kai kasuwa. Wanda ya san acca ya san ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya, ba a tsince ta da yatsa. Sai an zuba a ƙwarya, a sa ruwa, a yi ta regewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan har yashin ya kwanta a ƙasa. Ga ruwan Jos da sanyin safiya. Yatsu su yi fari, su daina jin komai.

Inna tana da wata al'ada. In an idar da magariba an kwashe tuwo, sai ta ɗora tafinta a kan murfin kwano ta dube mu, ni da ƙanwata.

"Me hannunki ya yi yau?"

Sai ki faɗa. Na rege ƙwarya uku, na ɗebo ruwa, na wanke tukwane. In ya ishe ta, ta ɗage hannu. In bai isa ba, ba duka, ba zagi, hannun ne kawai zai daɗe a kan murfin har tuwo ya huce. Ƙanwata takan ce, "Inna, nawa hannun ya sosa mini kai," ta yi dariya ta ci abinta. Ni ban taɓa iya haka ba.

Inna ta rasu, tambayar ta zauna. Na yi aure, na haifa, na binne, na aurar, kuma kowace magariba sai na yi wa kaina ita kafin in kai loma.

Da gwiwoyina suka ƙi, babban ɗana ya ɗauko ni zuwa gidansa a Rayfield. Gida ne mai shiru. Inji ke wanki, ruwa na zuwa da kansa har ɗaki. In na ɗauki tsintsiya, surukata ta karɓe. "Mama, ki huta. Kin yi naki."

Na huta. Na zauna bakin taga ina kallon motoci suna fita da safe suna dawowa da yamma. Ba na baƙin ciki, ba na farin ciki. Magariba ta yi, aka ajiye mini kwano, na ɗora hannu a kan murfin na tambayi kaina. Na bi ranar tun daga asuba, ban tarar da komai a ciki ba. Na yi sallolina, amma Inna ba ta taɓa sa sallah cikin aikin hannu ba. Sai na ture kwanon. Ba fushi ba ne. Hannun ne ya ƙi ɗaguwa.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Da rana in ɗan kurɓi kunu, tuwon yamma ya koma kicin yadda ya zo. Zanina ya fara yi mini yawa. Aka kai ni asibiti, likita ya ce bai ga ciwo ba, ya rubuta maganin ƙarin jini. Surukata ta yi ta canja miya. Rannan ta durƙusa a gabana.

"Mama, in girkina ne ki faɗa mini. Ba zan ji haushi ba."

"Girkinki lafiya lau, 'yar nan."

"To mene ne?"

Na ba ta labarin murfin kwano. Ta tashi ta fita.

Washegari sai ga ta da ƙwarya biyu da acca cikin roba. "Mama, an cuce ni a kasuwa, duk yashi ne. Ni kuma ban iya regewa ba, kin san mu 'yan boko."

Na sa aka kai mini kujera bayan gida kusa da famfo. Na zuba ruwa, na juya ƙwarya, hannuna ya tuna. Da yashin ya kwanta, na murza shi tsakanin yatsu. Yashin acca ja-ja ne, mai laushi, na ƙasar da aka sussuke ta a kai. Wannan fari ne, mai kaifi. Na ɗaga kai. Ga tsibin yashin magina can jikin katanga inda ake ƙara ɗaki, ga ma gurbin da aka ɗiba da kofi. Accar kuwa gyararriya ce, irin ta leda.

Na daɗe da yashin a tafina. Na jira in ji kunya ko haushi, ba wanda ya zo. Sai na ci gaba da regewa, tunda dai yashi yana ciki, kuma wani zai tauna in ban fitar ba.

Da magariba na ɗora hannu a kan murfi. Na rege ƙwarya biyu. Na san yadda yashin ya shiga, ban san ko Inna za ta karɓi irin wannan ba. Surukata tana tsaye bakin ƙofa, wai tana duba waya. Na ɗage murfin, na ci.

"Mama, akwai sauran accar, ko gobe?"

"Kawo. Amma ki gaya wa mai sayar miki ya rage hannu. Yashin ya yi yawa."

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ba mu sake ɗaga zancen ba.

Inna da mahaifinmu sun daɗe a ƙasa, Allah Ya ji ƙansu. Ƙanwata tana Bukuru wajen 'yarta, ta yi ƙiba, tana cin abinta ba ta tambayar kowa. Ɗana har yau yabon likitan yake yi. Magina sun gama ɗaki sun kwashe yashinsu, amma surukata ta ɓoye bokiti guda bayan tankin ruwa, na gan shi. Mutanen gidan sun gaji da tuwon acca, ba wanda ya ce uffan. Ni kuwa ina nan. Da hantsi in rege, da magariba in ɗage murfi. Iyakar abin da na sani ke nan, ku karɓi kunnuwanku.